Rufin Gawayi

Ruwa ya ɗauke, dawar wani manomi ta ƙone karo na biyu, sai ya sare kaɗanyar ƙarshe a gonarsa ta Dabai zai yi gawayi. Yana lulluɓe itacen da ƙasa 'yarsa malamar makaranta ta iso.

"Baba, hayaƙin nan fa ba ɓacewa yake ba. Haɗuwa yake da na motoci da masana'antu ya rufe sama, zafin rana ya shigo ya kasa fita."

Ya yi tsaki, ya ci gaba da toshe kafofi kada zafi ya tsere. Can sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, gumi na zuba.

A hankali ya ce, "Wato mu ne itacen?"