Jan Tulu

Zauna ka ji wani misali da nakan ba masu saurin cewa ai sun sani.

Akwai wani saurayi da ya tashi da hannun zane. Tun yana ƙarami ba bangon da ya tsira daga gawayinsa, in ya zana maka akuya sai ka ji kamar ka miƙa mata dusa. Da ya samu shiga kwaleji sai ya zaɓi sashen zane, yana ganin zuwa kawai zai yi a gaishe shi. Malamar da ke koyar da fenti dattijuwa ce mai rowar magana. Ranar farko ta ɗora wani tsohon tulu a kan tebur kusa da taga, ta ce kowa ya zana shi da launinsa, wanda kuwa zangon karatu ya ƙare tulu bai fito masa ba, to ya nemi wani sashen, ita ba za ta riƙe shi ba. Saurayi ya yi dariya a ciki. Tulu kuma? Ai jan tulu ne, haka ake ce masa a gidansu, haka ake ce masa a kasuwa. Ya fitar da siffa tsaf a kan ƙyallensa, ya buɗe jan fenti ya shafe cikin, ya zuba baƙi a gindi tunda kowa ya san inuwa baƙa ce. Malama ta zo ta tsaya a bayansa ta ce, "Wannan ai tumatir ne mai wuya. Ka duba." Ta yi gaba abinta.

Ya duba. Tulu dai tulu ne, kuma ja ne, to me kuma ake so ya gani? Sai ya shiga bin abokan karatunsa da tambaya. Wanda ke zaune gefen taga ya ce ruwan goro ne. Wata da ke can lungu ta rantse ruwan ƙasa ne mai duhu. Wani ya ce shi ruwan zuma yake gani, wani ma ya ce akwai shuɗi a inuwar, saurayi ya ƙudurta wannan tsokana ce kawai. Duk wanda ya ba shi suna sai ya koma ya dama fentin sunan, ya binne na jiya. Tulunsa ya yi goro, ya yi ƙasa, ya yi zuma, har fenti ya yi kauri kamar yaɓe, amma malama ba ta ƙara masa komai a kan kalmomin nan biyu ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai, duk waɗanda suka ba shi sunayen nan ta karɓi aikinsu, alhali ba biyu da suka yi kama da juna. To ko tulu huɗu ne a ɗakin shi bai sani ba? Ko idonsa ne ya samu matsala? Har asibiti ya je aka duba, aka ce garau yake. Kansa ya kulle, abinci ya daina yi masa daɗi, ya fara tunanin da wane ido zai kalli mutanen garinsu da suka rako shi tasha suna kiransa mai zane. Tsoro ya kama shi sosai, don in aka raba shi da wannan bai san abin da ya iya a duniya ba.

Ranar da zango zai ƙare ya gaji da sunayen mutane, ya koma kan jansa na farko. Malama ta iso, kafin ta buɗe baki ya miƙe zumbur ya ce, "Malama, wallahi ja ne! Kowa ya san ja ne!" Ya tsoma buroshi cikin jan fenti, ya taka har gaban tebur ya ɗiga shi a kan tulun, don kowa ya ga yadda ɗigon zai ɓace a jikinsa. Bai ɓace ba. Ya zauna daram kamar jinin kaza a tsakar gida. Saurayi ya tsaya da buroshi a hannu yana neman ja a sauran jikin tulun, ya rasa. Ta wajen taga launin bayan gurasa ne. Wuyan, inda hannaye suka shekara suna kamawa, ya yi duhu yana ƙyalli. Gindin da ya sha lema ya yi kore-kore, inuwar da ta kwanta a kan tebur kuwa, ga shuɗin nan ƙiri-ƙiri. Ya matsa dama launi ya sauya, ya matsa hagu ya sake sauyawa. Malama ta tambaye shi, to yanzu wane launi ne tulun? Ya ce da muryar mai shirin kuka, "Ban sani ba." Ya fara tattara kayansa, don a ganinsa ya kori kansa da bakinsa. Sai ta ce, "Ina za ka? Yau ka shigo ajin nan. Ɗauko sabon ƙyalle ka zauna."

Ya zauna, idonsa a kan tulun, ba ya ko son ƙiftawa. Tun yana yaro yake ɗaukar irinsa zuwa rijiya, ashe sunansa kawai ya sani. Gaskiyar Hausawa da suka ce gani ya kori ji.