Motar Madam Hulda Tana Ja Hagu

Karo na huɗu ke nan a-kori-kurar Madam Hulda ta hau kan ramin garejin Leonard a Kafanchan, shi kuma yana ƙasa da sifana a hannu, gumi na shiga masa ido. Sama ƙarfe, dama da hagu bango. Ƙafafun mutum biyu kawai yake hangowa a bakin ramin.

Wata biyar da suka wuce Madam ta sa aka ɗaga motar, domin ramukan hanyar gonakin citta na Gwantu sun ishe ta. Mota ce mai canza giya da kanta. Leonard ne ya sa mata manyan tayoyi, ya canza sandunan sitiyari, ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita zamansu. Duk garin an san idonsa ya fi na'ura.

Amma duk ranar da Madam ta karɓi tuƙi, sai motar ta riƙa sulalewa hagu. Direbanta kuwa, Baba Ezekiyel, mahaifin Leonard, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa ta, cewa yake motar lafiyarta ƙalau.

"Leonard, ka ji ni da kyau," in ji Madam daga sama. "Ko kai ba ka iya aiki ba, ko babanka yana mini ƙarya. Yau ɗayanku zai tafi. In motan nan bai miƙe ba, zan kai shi Jos a sa masa kwamfuta."

Baba Ezekiyel yana tsaye cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci, a wannan zafin, hannu a aljihu kamar wani hedimasta. Da wata mai shago a gefen garejin ta miƙo masa ruwan leda, ya karɓa da dama, ya fasa da haƙori. Dattijo ne mai ladabi, ba a taɓa ganin ya ba mutum abu ko ya karɓa da hagu ba, kuma wa zai tsaya yana mamakin ladabi?

Leonard ya ɗora sifana a kan notin da ke karkata taya. Ya san notin nan kamar yadda ya san sunansa. In ya ce ya kasa, sunansa ya zube a kasuwa, kuma a Jos za a miƙar da motar cikin rabin awa. In ya miƙar da ita da kansa, gobe da safe Baba zai ɗauko buhu talatin na citta ya gangaro kwanar dutsen Kagoro. Tsoro ya kama shi sosai, har sifanar ta zame sau biyu.

Ya juya notin. Ya ja igiya, ya duba, ya ɗaure.

Madam ta ɗauki motar ta zagaya ta wajen tashar jirgi, ta dawo tana dariya. "Ka gani! Na saki sitiyari, bai motsa ba. To da me ya hana ka?" Ta jefo makulli wajen direbanta.

Leonard ne ya cafe shi. Ya fito daga ramin ke nan, baƙin mai har wuya.

"Ɗana," in ji Baba a hankali, "ba ni. Don Allah, ba a gaban mutane ba."

"Baba, ka yi mini gafara. Gara ka yi fushi da ni kana da rai."

Ya zaro hannun hagun tsohon daga aljihu, ya buɗe tafin, ya ɗora makullin a ciki. Yatsun ba su rufe ba. Makullin ya zame, ya faɗa cikin ramin.

Tun ranar da hawan jini ya kashe hannun nan, wata biyar ke nan, Leonard yake karkata motar hagu da gangan, tunda hannu ɗaya yana jan sitiyari ɓangarensa, don ta miƙe a hannun direban da dama kaɗai ta rage masa.