Ƙofar Gidanmu a Goa

"Bawan Allah, in masauki kake nema, yi gaba," na ce da dogon tsohon da ke tsaye a gindin kwakwarmu.

Ya buɗe baki, yarenmu ya ƙi fitowa, sai harshen Turawan Fotugal. Rabona da jin harshen a tsakar gidan nan tun shekarar da sojojin Indiya suka kori Turawan. Jirginsu na ƙarshe yayana ya bi, ya bar ni ina shanyar kifi. Iyayenmu har suka rasu suna duban teku.

Jikata ta ce, "Kaka, rana ta gasa shi. A ba shi kunun shinkafa mana."

"To, shigo. Amma ban da ɗaukar hoto."

Na zubo kunun, ya tako a hankali. Da ya iso ƙofar falo sai ya sunkuya, ya kare goshinsa da hannu.

Kwanon ya suɓuce mini. Tun bikin aurena aka ɗaga ƙofar nan. Kafin nan mutum ɗaya take buge wa goshi kullum, Inna tana dariya.

"Yaya," na ce, "ɗaga kanka. An gyara ta."