Ƙofar da Aka Toshe

Da janareta ya kama wuta a gidan shirya fim na Agege, 'yan kallo da masu kyamara suka cushe a zaure guda, wuta ta tare musu ƙofar fita. Tsohon maginin da ya gina gidan yana waje, amma ɗansa yana cikinsu.

"Baba, kai ka gina!" in ji wani ɗan dako. "Ina ƙofar baya?"

Tana cikin zanen ginin, amma tsohon ya toshe ta da bulo tun ana ginin. Cewa ya yi gidan mutunci ƙofarsa ɗaya, nan ba kasuwar Oyingbo ba ce.

Ya fizgi guduma ya zagaya, ya yi ta dukan bangon yana kiran ɗansa. Shekara arba'in yana gini, bai taɓa ha'inci a siminti ba. Bangon ko tsagewa bai yi ba.