Majiyyaci Mai Lamba Bakwai

Shekara shida Nubia Arboleda ta yi tana buga waya gidajen mutane da tambaya ɗaya: wanda aka yi wa aikin zuciya a gidan nan, yana raye? A takarda an lulluɓe tambayar da kalmomi masu laushi, amma ma'anarta ke nan. Amsar sai ta shigar a kwamfuta, likitocin asibitinsu na birnin Medellín su mayar da ita alƙaluma, su tafi taro da ita.

Aikin bai taɓa hana ta cin abinci ba sai da ta haifi Salomé. Yarinyar shekararta huɗu yanzu. In ta hau matakala uku sai leɓenta ya yi shuɗi, ta tsuguna tana neman numfashi. Dakta Zuluaga ya ce hanya biyu ce: ko a yi babban gyara a aiki guda, ko a bi a hankali, aiki uku cikin shekaru. Ya ce zaɓin na iyaye ne, abin da likita kan faɗa ke nan in shi ma bai sani ba. Ya ba su zuwa Litinin.

Nubia ta san abin da ke cikin kundin binciken fiye da shi. Yara takwas masu irin ciwon Salomé aka taɓa yi wa babban aikin. Uku sun rasu. Huɗu lambobin wayarsu sun daina shiga. Saura ɗaya, majiyyaci mai lamba bakwai, Duván Ospina. Lokacin aikin, fayil ya ce shekararsa biyar amma nauyinsa na ɗan shekara uku, kamar yadda ciwon kan tsotse yara. Yau shekara ashirin da biyu ke nan da aikin, ba ya shan ko ƙwaya ɗaya, bai sake taka asibiti ba. Duk shekara mahaifiyarsa ce ke ɗaukar waya, amsarta kuma ba ta canzawa: "Duván? Lafiyarsa ƙalau."

Mutum ɗaya ba hujja ba ne. Nubia ta sha faɗa wa ɗalibai haka. Ranar Juma'a ta hau mota, tafiyar awa biyar, don ta ga mutum ɗayan da idonta.

Gidan na gefen tudu, cikin gonar kofi. Doña Herminia, mahaifiyar, ta zaunar da ita a baranda, ta miƙo mata ruwan rake mai zafi. A bango akwai hoton wani ƙaramin yaro da furanni sababbin tsinka a ƙarƙashinsa. Nubia ba ta tsaya kallo ba, idonta na kan hanya.

"Ashe ke ce mai wayar nan," in ji tsohuwar. "Na ɗauka za ki fi haka ƙiba. Ga ɗan naki can, ki ƙare masa kallo."

Duván ya hauro tudun da buhun kofi a kafaɗa, yana fito. Ya dire shi, ya gaishe ta, ko haki bai yi ba. Nubia ta kalli leɓensa, ta kalli farcensa. Jajur. Ta nemi ya ba ta hannu, ta ƙirga bugun. Irin wanda ake bugawa a littafi a ce ga misalin mai lafiya.

"Na ci jarrabawar, likita?" ya tambaya yana dariya.

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Efraín. Salomé ta suma a makaranta, suna asibiti, Zuluaga ya ce ba sauran jiran Litinin, yanzu za a shiga da ita. Takardar na gabansa. Wanne zai zaɓa?

Ta tuna alƙaluman. Uku sun rasu. Huɗu ba labari. Ta juya ta ga Duván ya sunkuya ya ɗaga buhu na biyu kamar filo.

"Babban," ta ce. "Sa hannu, Efraín. Ga shi nan a gabana, na gani da idona."

Ta ji ƙarar biro a kan takarda, ta ji ana tura gado, layin ya yanke.

Ta koma ta zauna. Motar komawa sai ƙarfe uku. A tsakar gida Duván ya buɗe famfo, ya cire riga ya rataye a igiya, ya watsa ruwa a fuska, ya juyo yana goge wuya.

Nubia ta ga ƙirjin mutum ɗari da aka tsaga. Tabon ba ya ɓacewa, daga ƙasan wuya yake sauka har bakin ciki. Ƙirjin Duván sumul yake.

"Doña Herminia," ta ce, "ina tabon?"

Tsohuwar ta ɗan dube ta, sannan ta gyara furannin da ke ƙarƙashin hoton.

"Katin asibitin ne kawai na Duván, 'yata. A lokacin shi kaɗai ubansu ya yi wa rajista, sai muka kai ƙanensa Arley da sunansa. Bayan aikin, Arley bai kai Kirsimeti ba. Ke kuma kullum lafiyar Duván kike tambaya, ai ban taɓa yi miki ƙarya ba."