Jar Ƙofar Madam Winifred

"Ko ka shafe ƙofar nan yau, ko ka ajiye mana aikinmu," in ji Mista Crispin, manajan gidajen iyalan Aldermoor. Ni ne mai yi musu fenti.

A layin nan na Landan, gidaje da kantuna da otal duk sunan Aldermoor ne a jiki. Takardar haya ta ce kowace ƙofa ta zama koriya, launin tambarin gidansu. Ta Madam Winifred ce kaɗai ja. Mijinta Harold ne ya yi mata fenti mako biyu kafin ya rasu. An ce ko ta bari a shafe, ko ta bar gidan da ta shekara arba'in a ciki.

Tana tsaye ina kankarewa.

"Ɗana, dubi nan, sawun hannun Harold ne. Mutumin nan bai taɓa jiran fenti ya bushe ba. Ka bar min wurin."

"Mama, za su zo su duba."

Na kankare shi, na shafe ƙofar da koren fenti. Har shayi ta kawo min, na kasa sha.

Bayan kwana tara Mista Crispin ya kira ni yana washe baki. Wai amaryar magajin gidan Aldermoor ta ga tsohon hoton ƙofar Madam Winifred, ta burge ta. Daga yau kowace ƙofa ja za ta zama.

"Ka fara da ta tsohuwar nan," ya ce. "Kuma kowacce ka danna hannunka kafin ta bushe, kamar na hoton. Amarya ta ce shi ne kyan abin."