Motar Kifi da Ba Ta Kwana a Gareji Ba

Tanimu, ajiye makullin shagon nan ka zauna, kasuwa ba guduwa za ta yi ba. Matarka ta gaya mini gobe za ka ga likita, kuma kana shirin ce masa gajiya ce kawai, alhali kullum da asuba sai ka dafe ƙirji ka yi nishi kafin ka iya ɗaga buta. Kada ka harare ta, ni na matsa mata. Buɗe kunnenka.

An yi wani direba a wani gari na bakin ruwa, yana da a-kori-kura guda ɗaya, da ita yake ciyar da gidansa. Aikinsa dakon ɗanyen kifi. Masunta su fito da abin da suka kama, a loda masa, ya kai birni kafin rana ta yi zafi. Ɗanyen kifi kuwa ba ya jiran kowa, don haka mutumin nan ya zama marar zama. A tsaye yake shan koko, yana sallame salla ya zabura, ko addu'a ba ya tsayawa. Wata safiya mai sanyi ya murza makulli, sai ya ji injin yana ƙwanƙwasa daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga taɓarya a turmin da babu hatsi. Amma kafin ya isa bakin ruwa injin ya ɗumama, ƙarar ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Washegari ta dawo. Jibi ma haka. Ya san ba lafiya ba, tuwo ya daina shigar masa, ya fita ya zagaya motar ya dawo, ya sake fita. Maganin da ya samo shi ne ya ƙure muryar rediyo kafin ya tayar da ita. Matarsa dai ta ji daga madafa, ta ce ya kai wa bakanike. Ya kai ɗin, amma sai da la'asar, bayan ya dawo daga birni injin na tiriri. Bakaniken, wani dattijo, ya kara kunne ya saurara, bai ji komai ba. Ya tambaye shi yadda take tashi da safe, direban ya ce lafiya lau. Dattijon ya dube shi ya ce, idan mota ta kwana baƙin mai yakan kwanta ƙasa ya yi kauri kamar man shanu cikin sanyi, kafin ya hau kuwa ƙarfe ke cin ƙarfe, a lokacin ne mai ciwo yake kuka. Ya ce, “Bar ta ta kwana nan, da safe ni zan tayar da ita da hannuna.” Direban ya tuna safiya ɗaya idan ya rasa, wani zai shige gabansa wurin masunta, in kuma aka buɗe injin, wa ya san kwana nawa. Ya ce sai wani jiƙo. Ya koma gida ya ce wa matarsa, na kai ta, bai ji komai ba. Sau uku yana yin haka, kullum da zafinta yake kai ta.

Rannan aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, masunta kuma suka yi kamun da ba su yi irinsa ba duk shekarar. Ya murza makulli, ƙarar ta tashi fiye da kullum, har awaki suka watse. Maimakon ya jira ta ɗumama, sai ya danna totur don ya rufe bakinta. Aka loda kifi har sama, ya kama hanya. Wannan karon ƙarar ba ta ɓace ba, tana biye da shi, yana ƙara gudu tana ƙara ƙarfi. A tsakiyar daji, inda babu gari gaba babu gari baya, ya ji wani abu ya fashe, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Injin ya buga. Rana ta fito. Ya riƙa kai da kawo a bakin titi yana ɗaga wa motoci hannu, wanda ya tsaya ya leƙa ya ga lodi sai ya wuce. Kafin azahar ƙudaje sun rufe kifin, shirwa na shawagi a sama, wari ya hana shi ma tsayawa kusa da motarsa. Masunta ba su zage shi ba, sun dai nemi wani direban. Da aka jawo motar gareji, dattijon ya buɗe injin, ya zaro wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wanda duk ya cinye, ya ajiye wa direban a gabansa. Shi ne abin da ke kuka da safe, aikin yini ɗaya ne da an ji shi a kan lokaci. Yanzu ya farfasa duk abin da ke kewaye da shi. Motar tana nan a ƙofar gidansa bisa duwatsu, kaji na ƙwai a mazaunin direba, shi kuma yana yi wa motocin wasu lodi.

To, gobe in ka shiga wurin likita, ka gaya masa da asuba abin yake kama ka, ka nuna masa inda kake dafewa. In ya ce ka kwana, ka kwana, shagon ba zai mutu ba. Ni na haife ka, ban kuwa haife ka don in bi gawarka da ido ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.